Gwiwa ke kuka, ɓarnar tana kwatangwalo: yadda ciwon ƙafar Yayata ya kaya

Kafin ciwon

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne autan ɗakinmu. Da izininta nake wannan rubutun, sharaɗinta ɗaya ne kar in kama suna, don haka Yaya kawai zan riƙa cewa. Tela ce, a gida take ɗinkin mata a wata unguwa cikin Kano, da keken ƙafa irin na da. Lokacin da abin ya fara shekararta 34, yara huɗu. Bata taɓa karaya ba, bata taɓa faɗuwa a babur ba, ba hawan jini ba suga.

Farkon 2021 ta yaye autanta, ta rame sosai, kilo 51 a sikelin asibiti. Kun san bakin mata a gidan biki, wance lafiya kuwa, ko maigidan ya rufe sito ne. Wata kwastomarta ta kawo mata ƙwayoyi a 'yar leda, irin wanda ake ce ma sha ka fashe, ƙananan farare da wani na sa yunwa da barci. Ta fara sha watan Maris 2021, biyu da dare, daga baya ta mai da su huɗu. Cikin wata takwas ta kai kilo 66, kumatu suka fito, kowa na cewa hutu ya karɓe ta. Sau biyu ta gwada dainawa, sai jikinta ya mutu murus, jiri da ciwon gaɓoɓi kamar mai maleriya, in ta koma sha sai ta warware. Ba wanda ya sani a gida har mijin. Na sa wannan a farko ne saboda nan ne gurbinsa a jerin lokaci, amma mu sai bayan shekara biyu da rabi muka ji shi.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: gwiwa ta fara

Ciwon ya fara a gwiwar dama, ta gaba da ta ciki. In ta daɗe a zaune ta miƙe sai ta ɗan tsaya tukun kafin ta ɗaga ƙafa. Gwiwar bata kumbura ba, bata yi zafi a taɓi ba, kuma in kace Yaya nuna min wajen da yatsa ɗaya bata iyawa, sai dai ta shafa da tafin hannu tun daga tsakiyar cinya har kan gwiwa tace duk nan. Hunturu ya shigo, ga ta tana taka keke tun safe, toh kowa ya yanke hukunci: sanyi ne da keke. Aka shiga man zafi da gashi da ruwan ɗumi.

Da bai ji ba sai kemis. Mai kemis ɗin layinsu yana da haɗinsa na ciwon jiki, ƙwaya biyar a ƙulle a takarda, ba kwali ba suna. Daga baya da muka kai ragowar asibiti aka tantance mana su: diklofenak, firoksikam wanda mutane ke ce ma felbin, farasitamol, firednisolon da wani na bitamin. In ta sha sai ta yi awa biyar shida garau tana ɗinki. A Nuwamba sau ɗaya take sha a rana, zuwa Fabrairu lokacin wahalar takardun kuɗin nan ta koma sau uku, mai kemis yana rubuta mata bashi a littafi. Sau da yawa ma ni nake biyo mata da shi in na taso daga kasuwa.

Maris zuwa Agusta 2023: ƙaho, ɗori, da hoton gwiwa

Azumi ya kama 23 ga Maris. A nan ne ta kasa zaman tahiya, sai dai ta miƙe ƙafar dama gefe. Bayan sallah Inna ta sa aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a gwiwa, tsaga shida, ya nuna mana baƙin jini yace ga mugun abin nan ya fita. Kwana biyu ta ce da sauƙi, na uku ya dawo. Watan Mayu muka je wajen wani mai ɗori a bayan gari, ya lalluba yace babu karaya amma akwai gocewa, ya sa aka riƙe ta ya ja ƙafar da ƙarfi. Ihun da ta yi ranar har yanzu yana kunnena. Kwana uku bata taka ba.

Watan Yuni muka je wani asibitin kuɗi. Tana zaune a kujera ta ɗage zani zuwa gwiwa, wanda ya duba ta ya danna nan ya danna can, ya rubuta hoton gwiwa. Hoto ya fito tas, ba komai. Yace farkon amosanin gaɓa ne bai kai ga fitowa a hoto ba, ya yi mata allura a cikin gwiwar, ya ba ta bandejin roba na ɗaurewa, yace ta rage ƙiba. Ba a kwantar da ita a gado ba, ba a taɓa sama da gwiwa ba. Ta ɗan ji dama kamar sati guda.

Zuwa Agusta ɗingishi ya fito fili, ta ajiye ɗinki. Daga ƙofar gidansu zuwa bakin titi bai wuce mita 200 ba, sai ta huta sau biyu. Bata iya yanke farcen ƙafar dama, bata iya harɗe ƙafa a tabarma, hawa adaidaita sai an ɗaga mata ƙafar da hannu. Akwai kuma abin da ta ɓoye: tun wajen azumi take jin suka a gindin cinya, can matsematsi, wani lokacin har ɗuwawu. Ta ɗauka sanyin mata ne, kuma duk waɗanda suka duba ta maza ne, ga ni ƙaninta a tsaye a kanta, ina za ta iya faɗa.

Satumba 2023: kwana biyar a gadon asibiti

Wata asuba mijinta ya kira ni, ta faɗi a banɗaki. Ashe ta kwana uku tana bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. A asibitin gwamnati aka auna jini, ma'aunin yawan jini, wato PCV, ya nuna 22, ya yi ƙasa sosai, aka ƙara mata leda biyu. Olsa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki, kuma likitoci basu yi wata-wata ba suka ɗora abin kan haɗin kemis, don diklofenak da felbin dangi ɗaya ne, kowannensu shi kaɗai yana cin bangon ciki ya taɓa ƙoda, balle an gwama su sau uku a rana wata da watanni, wani lokacin ma a kan cikin da ba komai.

Sugarta ma an same shi sama. Wata likita mace ta tsaya ta ƙare mata kallo: fuska zagaye kamar faranti, tozo a bayan wuya, ciki ya yi girma amma hannuwa da ƙafafu sirara, ga nankarwa masu faɗi jajaye a ciki da cinya waɗanda ba na haihuwa ba. Ta ce mana dan Allah ku ɗan ba mu waje. Minti ashirin muna tsaye a baranda, da muka dawo Yaya tana kuka, ledar ƙwayoyin tana hannun likita. Fararen deksametason ne, firednisolon ɗin cikin haɗi kuma ɗan'uwansa ne, allurar da aka yi mata a gwiwa ma danginsu ce, wato duk sitiroyid. Likitar ta gargaɗe mu kar a kuskura a yanke mata shi rana ɗaya, saboda akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadarin a jiki, in an daɗe ana sha daga waje sai su kwanta barci, in aka tsayar farat ɗaya mutum zai iya suma har ya rasa rai. Abin da ya riƙa kayar da ita kenan duk sanda ta gwada dainawa. Aka tsara mata ragewa kaɗan-kaɗan cikin sati goma, aka ba ta maganin olsa, aka hana ta duk wani maganin ciwo sai farasitamol, aka tura ta sashen fisiyo, masu gashi da motsa gaɓoɓi, saboda gwiwa.

Nuwamba 2023: minti goma a ɗakin fisiyo

Sai da ta ɗan yi ƙarfi muka je. Mai fisiyon mace ce, ba ta da yawan magana. Tace Yaya ta yi tafiya daga ƙofa zuwa taga ta dawo, tana kallonta ta baya. Sai tace hau gado ki kwanta rigingine. Ta kama gwiwar ta lanƙwasa ta miƙe, ta danna ƙoƙon, ta girgiza shi hagu da dama, Yaya ko gezau. Sai ta ɗaga cinyar sama, gwiwa a lanƙwashe, ta riƙe diddige ta ɗan juya shi waje kaɗan, wlh ko taƙi guda bai kai ba, Yaya ta saki salati ta damƙe ƙarfen gado. Ta gwada na hagu, ya juyu sosai, da ɗan tsami a ƙarshe. Ta ɗauko tef irin na teloli, ta auna daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, dama ta gaza hagu da santimita 2.

Tace Malama gwiwarki lafiyarta lau, kwatangwalo ne. Yaya tace amma ni a gwiwa nake ji. Sai ta yi mana bayani cewa jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi daga gaɓar kwatangwalo su ne dai suke gangarowa ta cinya har gwiwa, kamar gida biyu ne a kan layin wuta ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta rikice ta kasa gane daga ina ƙarar ta fito. Tace shi ya sa a ƙa'ida duk wanda ya zo da ciwon gwiwa, musamman in gwiwar ba kumburi kuma hotonta lafiya, sai an juya masa kwatangwalo, yaro ne ko babba. A nan ne ta tambaye ta ko tana jin wani abu a gindin cinya, ni kuma na fita na ba su waje ba sai an ce min ba.

Aka yi hoton ƙugu gaba ɗaya, aka tura mu asibitin ƙashi. Likitan ya ɗora hoton a fitila ya nuna mana. Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana juyawa cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu, da guringuntsi mai santsi a tsakaninsu. Na hagu zagaye sumul. Na dama ya lotsa ta sama kamar lemon da aka taka. Yace ƙashi abu ne mai rai, jini yake ci, kuma wannan ƙwallon hanyoyin jininsa 'yan kaɗan ne sirara, in suka toshe sai wani yanki ya mutu daga ciki, a hankali nauyin jiki ya rufta da shi. A nan ƙasar in matashi ya zo da irin wannan sikila ake fara nema, don haka aka yi mata gwajin jinotayif, ya fito AA. Sauran manyan dalilan su ne karaya ko gocewar kwatangwalo, yawan shan giya, da sitiroyid na dogon lokaci. Na ƙarshen ne kawai ya hau kanta.

Ya ce a yi MRI, wani hoto mai nuna har cikin ƙashi, duk da tsadarsa, saboda irin wanda magani ke jawowa ya fi kama ɓangare biyu, kuma a farkonsa hoton ƙashi na yau da kullum baya nuna komai. Haka kuwa aka yi. Na hagun da muke ganin lafiyayye shi ma akwai mataccen yanki a ciki, sai dai bai rufta ba tukuna.

Disamba 2023 zuwa Yuni 2024: aikin hagu da neman kuɗin dama

Likita ya raba mana maganar biyu. Hagu akwai sauran dama: a huda ƙashin da siririn ƙarfe har cikin mataccen wajen, matsin da ke ciki ya sauka, sababbin hanyoyin jini su samu hanyar shiga. Wannan aikin kafin ruftawa yake amfani, bayan ta kuwa ɓata kuɗi ne. Dama ta riga ta wuce nan, ba magani ba allura ba motsa jiki da zai mayar da ƙwallon zagaye, sai dai a yanke shi a sa na roba da ƙarfe. Ya so a yi duka a shiga ɗaya, aljihu bai yarda ba. Tunda na hagu ne mai gudun lokaci kuma shi ne mai sauƙin kuɗi, aka yi shi a Fabrairu 2024. Sati shida da suka biyo baya su ne mafi wuya a duk jinyar, an hana ta ɗora nauyi a hagu, dama kuma bata ɗauka, daga gado sai keken guragu.

Kayan da ake sawa a kwatangwalo daga waje ake shigo da su, da dala. Kuɗin da aka faɗa mana a Disamba, da naira ta sake faɗuwa a farkon 2024 sai ya zama tarihi. Miliyoyi ake magana. An sayar da filin gadonta, da 'yan kunnen gwal na aurenta, mijin ya kwashi adashi, dangi suka yi karo-karo. Ga surutu: wai mai ƙarfe a jiki baya haihuwa, wai bayan shekara biyar sai keken guragu, wai a bari a gwada na Islamik kemis tukun. Har wata guda muka ɓata a kan wani garin magani da aka ce yana tsiro da guringuntsi, jarka biyu ta shanye, tef ɗin mai fisiyo dai bai canza lissafi ba. Abin da ya ɗan taimaka a wannan jiran shi ne sanda, da aka koya mata ta riƙe ta a hannun hagu, wato kishiyar ƙafar da ke ciwo, da can a dama take riƙewa kamar yadda kowa ke yi.

Yuli 2024: canjin kwatangwalo

Allurar baya aka yi mata, idonta biyu, tace tana jin ƙarar guduma kamar a wajen maƙera amma ba zafi. Aikin ya ɗauki kusan awa biyu, an ƙara mata jini leda ɗaya. Washegari da yamma mai fisiyo ta zo da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu tace tashi. Mu duka muka zaro ido. Ta miƙe, ta yi taku shida zuwa bakin ƙofa. Da ta dawo ta zauna sai ta kai hannu ta shafa gwiwarta, ta dube ni tace auta, ka san gwiwar ta yi shiru? Wajen ɗinki na mata zafi, amma ciwon nan da ta shafe wata ashirin tana fama da shi ya ɗauke, kuma a wannan aikin ko allura ba a kai kusa da gwiwar ba.

Kwana shida aka sallame ta, da maganin hana daskarewar jini na wata guda da dokoki na wata uku: kar ta tsuguna, kar ta harɗe ƙafa, kar ta zauna a abin da gwiwa za ta fi ƙugu tsawo, in za ta kwanta a gefe ta sa filo tsakanin cinyoyi, don kar sabon ƙwallon ya fice daga gurbinsa kafin nama ya kama shi. A takarda abu ne mai sauƙi, a gidan Bahaushe kuwa kusan komai a ƙasa ake yi, masai na tsuguno, girki a kujera 'yar tsuguno, cin abinci a tabarma, katifa a ƙasa. Sai da aka sa masai na zama, aka ɗaga gado da bulo, aka mai da risho kan tebur. Sallah a kujera, da farko abin ya dame ta har sai da malaminsu na Islamiyya ya karanto mata hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe.

Sati na uku ƙasan ɗinkin ya fara tsatsafo da ruwa, muka koma a ranar, aka ce a fata ne bai shiga ciki ba, aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta na kwana goma ya bushe. Fisiyo sau biyu a sati har wata uku, a gida kuma kullum tana matse cinya, tana ɗaga ƙafa gefe, tana ƙirgawa da carbi. Sati shida ta koma sanda ɗaya, wata huɗu ta ajiye ta.

Yuli 2025: bayan shekara guda

Kilo 59, suga ya dawo daidai ba magani, fuskar ta koma tata. Ƙafafun sun daidaita a tef. Tana zuwa kasuwar unguwa ta dawo a ƙafa, kusan kilomita ɗaya, ba hutu. Ta koma ɗinki amma an sa wa keken mota. Likita ya yarda ta yi sujada, zaman tahiya ne har yanzu take miƙe ƙafa. Irin wannan aikin tun farkon shekarun 1960 wani likitan Ingila John Charnley ya daidaita shi, kuma bayanan da aka tara a ƙasashen da suka daɗe suna yi sun nuna fiye da rabi suna kai shekara 25, sai dai mai shekara 36 a lokacin aiki dole ta sa a ranta wata rana za a iya sake buɗewa a canza. Na hagu a hoton ƙarshe yana nan zagaye, yakan ɗan yi mata tsami in ta wuni a tsaye.

Yadda nake ganin abin

Shekara guda cur aka bar jaki ana dukan taiki. Man zafi, ƙaho, bandeji da allurar gwiwa duk sun faɗi ne a kan dalili ɗaya, ana yi wa lafiyayyen waje magani. Jan mai ɗori kuwa ƙashin da ya riga ya rube aka ja. Haɗin kemis shi ya fi kowanne ɓarna, don ya yi aiki: ya kashe zafin da zai sa ta zauna, ta ci gaba da taka mataccen ƙashi har ya rufta, ya fasa mata ciki, kuma a cikinsa akwai ƙarin irin maganin da ya jawo ciwon tun farko. A nan ina da nawa kason, da hannuna na riƙa kai mata.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne zuwanmu asibiti na watan Yuni. Hoton gwiwa da ya fito tas a ƙafar da ke ɗingishi, shi kansa tambaya ce da ya kamata a bi. Abin da mai fisiyo ta yi ba na'ura a ciki, gado ne da hannu da tef, minti goma. Bambancin ƙafafun Yaya biyu ya isa misali, ciwo ɗaya ne a jiki ɗaya, wanda aka kama kafin ya rufta huda ta ishe shi, wanda aka makara ya ci fili da gwal. Kuma sirrin nan biyu, na ƙwaya da na gindin cinya, duka a gaban mata suka fito bayan mun ba su waje, alhali ni ina ganin rakiyar da nake mata har cikin ɗakin likita taimako ne.

Ban cika ɗora wa Yaya laifin sha ka fashe ba, na ji irin maganganun da aka riƙa gaya mata a 2021, wasu ma a tsakar gidanmu. Kwastomar da ta kawo mata ƙwayar har yanzu tana kawo ɗinki, Yaya ta zaunar da ita ta nuna mata tabon aikin, matar tace ita shekararta biyar tana sha ba abin da ya same ta. Hoton hagu na gaba watan Janairu ne, an ce in ta ji suka a gindin cinya ko gwiwar hagu ta fara magana kar ta jira ranar.